Waya ta tsinke a teku, tiransifa ta maƙale a Kano: ta ina saƙonmu yake bi?

Idan intanet a iska yake yawo, kamar yadda yawancinmu muka ɗauka, me ya haɗa shi da ƙarƙashin teku? Idan kuma gaskiya ne an gina shi ne yadda in hanya ɗaya ta toshe saƙo zai bi wata, me ya sa wayoyi huɗu kacal suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, mai POS a Kantin Kwari ya wuni yana ba mutane haƙuri? Waɗannan tambayoyi biyu sun yi ta yawo a bakin jama'a tun ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, kuma suna dawowa duk lokacin da netwok ya ɗauke. Amsarsu tana cikin wasu ƙirƙire-ƙirƙire da aka yi tsakanin shekarun 1960 da 1990, waɗanda har yau su ne ke yanke hukuncin hanyar da kowane saƙo zai bi.

Abin da ya faru a ranar

A makon farko na azumin shekarar ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse kusan lokaci guda: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Dukkansu suna bin gaɓar Afirka ta Yamma ne su nufi Turai. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙasan teku ya jawo, ba hannun mutum ba. Kwaddibuwa da Laberiya da Benin ne suka fi shan wuya. Ghana da Burkina Faso da Kamaru da Nijar da Najeriya duk sun ji a jikinsu, har Afirka ta Kudu. Manhajojin bankuna da dama a Najeriya sun ƙi buɗewa. Hukumar sadarwa ta Ghana ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar, kuma an shafe kusan wata biyu kafin a gama haɗa wayar MainOne, don jiragen ruwan da ke wannan aiki 'yan ƙalilan ne, sai an taso da su daga nesa.

Amma fa intanet bai mutu wata biyu ba. Cikin 'yan kwanaki abubuwa suka fara daidaita, tun ba a taɓa ko waya ɗaya ba. Wannan shi ne sashen labarin da aka fi mantawa da shi.

Sandunan da ke saman allon waya

Sandunan nan huɗu ko biyar da muke leƙawa abu ɗaya suke nunawa: ƙarfin alaƙar wayarka da ƙarfen sabis mafi kusa. Daga wayarka zuwa ƙarfen nan ne kaɗai saƙo ke tafiya a iska, sau da yawa tazarar ba ta wuce 'yan kilomitoci ba. Daga nan sai ya shiga wayar faiba, siririn zaren gilashi da ke ɗauke da haske, ko kuma a harba shi daga ƙarfe zuwa ƙarfe har ya iske inda faiba take. Daga Kano ya gangara kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, in abin da ake nema yana waje, ya faɗa teku. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta wayoyin teku suke bi, ba ta tauraron ɗan'adam ba. Shi ya sa za ka ga sanduna a cike, amma hoto ya ƙi sauka.

Dabara ta farko: a yanka saƙo gunduwa-gunduwa

A tsohon tsarin tarho, in mutum biyu za su yi magana, ana keɓe musu layi ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ko sun yi shiru layin nasu ne, in kuma ya katse a tsakiya magana ta ƙare. A farkon shekarun 1960 wani injiniya a cibiyar bincike ta RAND a Amurka, Paul Baran, ya zauna yana tunanin yadda za a gina sadarwar da za ta rayu ko an jefa wa ƙasar makamin nukiliya. A 1965 Donald Davies, a ɗakin binciken kimiyya na ƙasa a Ingila, ya iso ga irin wannan tunani ba tare da ya san da aikin Baran ba, shi kuma damuwarsa yadda kwamfutoci da yawa za su yi tarayya a layi ɗaya. Mafitar da suka samo iri ɗaya ce: kada a keɓe wa kowa layi. A yanka saƙo ƙananan ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshin inda za shi da lambar jerinsa, a sake shi ya nemi hanya.

Kamar ɗan kasuwar Dawanau ne da zai aika buhu dubu biyu Legas, bai ɗauki shatar mota ba, sai ya rubuta suna da lamba a kowane buhu ya rarraba wa duk motar da ke da gurbi. Wasu su bi ta Lokoja, wasu ta Jebba, a can mai karɓa ya jera su bisa lamba, wanda bai iso ba ya aiko a sake turo shi. Ƙunshi ɗaya a intanet yawanci bai wuce bayit 1,500 ba, wato hoton biki mai nauyin megabayit uku yana tafiya ne a ƙunshi wajen dubu biyu. Na'urorin da ke tsaye a kowace mararraba, waɗanda ake kira rauta, ba ruwansu da abin da ke ciki. Adireshi kawai suke dubawa su miƙa gaba.

An fara gwada wannan a aikace a ARPANET, netwok ɗin gwaji na ma'aikatar tsaron Amurka, ranar 29 ga Oktoba, 1969, tsakanin jami'ar UCLA da cibiyar bincike ta Stanford. Haruffa biyu aka samu damar turawa na'urar ta tsaya. A 1974 Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da ƙa'idar da za ta sa netwok daban-daban, na kamfanoni da ƙasashe daban-daban, su fahimci juna. Ita ce ta zama TCP/IP, aka koma kanta ranar 1 ga Janairu, 1983.

Wa ke hana cunkoso?

Babu ɗan sandan hanya a intanet. A watan Oktoban 1986 aka ga illar haka ƙiri-ƙiri: layin da ya haɗa ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar Berkeley, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, gudunsa ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Dalili kuwa, kowace kwamfuta da ta ga ƙunshinta bai isa ba sai ta sake turo shi, layin da dama ya cika ya ƙara cika da maimaici.

Wani masanin kwamfuta, Van Jacobson, shi ne ya kawo maganin a 1988. Kowace na'ura ta fara turawa a hankali, tana ƙarawa in ta ga ana karɓa, da zarar ƙunshi ya ɓata ta ɗauka hanya ta cika ta rage gudu sosai. Wayar da ke hannunka tana bin irin wannan ladabi yanzu haka. Wannan ne ya sa a ranakun da suka biyo bayan 14 ga Maris mutane da yawa ba katsewa suka gani ba, tafiyar hawainiya suka gani. Miliyoyin na'urori ne suka ja baya da kansu don a raba ɗan abin da ya rage.

Wa ke nuna hanya?

Nan ne gizo ke saƙar. Intanet ba abu ɗaya ba ne, dubun-dubatar netwok ne masu zaman kansu: MTN nata daban, Airtel nata daban, Google nata daban, jami'o'i da bankuna da yawa su ma haka. Kowane yana da lambarsa da rukunin adireshin da yake riƙe da su. To ta yaya rautar da ke Kano za ta san ta wace ƙofa za ta fitar da ƙunshin da za shi wata kwamfuta a Jamus?

A 1989 injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM, suna cin abinci a wurin wani taro suka zana mafita a kan takardun goge baki. Ita ce BGP, ƙa'idar da netwok daban-daban ke bi suna sanar da juna hanya. Kowane netwok yana sanar da maƙwabtansa cewa adireshi kaza da kaza nawa ne, kuma ta wajena za a iya kaiwa ga wane da wane. Maƙwabci ya ƙara sunansa a jerin ya sanar da na gaba. In hanya ta mutu, a janye sanarwar, kowa ya koma ga zaɓi na biyu. Sun yi ta ne a matsayin maganin wucin gadi. Yau ta haura shekara talatin tana ɗauke da duniya.

Ita ce ta ceci lamarin a Maris ɗin 2024. Kamfanonin da wayoyinsu suka katse sun nemi gurbi a waɗanda suka tsira, irin su Equiano ta Google da ta sauka Legas a 2022, da Glo-1, aka sauya sanarwa, kaya suka koma bin can.

Sai dai an gina BGP ne a zamanin da masu tafiyar da intanet suka san juna, don haka ginshiƙinta amana ce. Abin da maƙwabci ya faɗa, sai a yarda. A watan Fabrairun 2008 gwamnatin Pakistan ta ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasar. Kamfanin sadarwar ƙasar ya sanar a cikin gida cewa adireshin YouTube a wajensa yake, don ya riƙa haɗiye buƙatun. Sanarwar ta tsallake zuwa wani kamfani a Hong Kong, ta bazu, YouTube ya ɓace wa duniya na kusan awa biyu.

Mu ma mun taɓa yin namu. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, yayin wani aikin gyara, MainOne ya yi kuskuren saiti a Legas. Hanyoyin Google da yake samu don amfanin abokan cinikinsa suka zube zuwa China Telecom, daga can suka wuce wani kamfani a Rasha. Na tsawon minti 74, buƙatun wasu masu amfani da Google a Amurka da sauran wurare suka riƙa nufar Sin suna mutuwa a can. Da farko an zaci satar bayanai ce ta manyan ƙasashe, kafin kamfanin ya fito ya ce kuskure ne. Ni a ganina babu labarin da ya fi wannan nuna irin ginin da muke kai: injiniya ɗaya a Legas yana iya karkatar da hanyar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya da layi ɗaya na saiti.

Manyan ma ba su tsira ba. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Ba waya ce ta tsinke ba. Wani umarni da aka bayar lokacin duba na'urori ne ya raba rumbunan ajiyar bayanai na kamfanin da ya mallake su da juna, su kuma na'urorinsa suka janye sanarwar BGP. Kwamfutocin suna nan lafiya, sai dai babu wanda ya san hanyar zuwa wurinsu. Yanzu akwai tsarin sa hannu na sirri mai suna RPKI, da ke tabbatar da cewa mai iƙirarin adireshi shi ne mai shi. Yana rage ɓarna, amma bai rufe kowace kafa ba, kuma ba dole ba ne, kowane kamfani shi ke zaɓar ya yi ko ya bari.

Kusanto da kaya gida

Haske a cikin faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce. Zuwa da dawowa kaɗai ya cinye kashi 7 cikin ɗari na daƙiƙa, kuma buɗe shafi ɗaya yakan buƙaci zirga-zirga da yawa. Babu injiniyan da zai ƙara wa haske gudu. Abin da za a iya yi shi ne a rage tafiyar.

Dabara biyu aka yi. Ta farko ita ce matattarar musaya: ɗaki ɗaya da kamfanonin sadarwa ke kawo wayoyinsu su haɗe kai tsaye. Kafin a kafa ta Najeriya, wato IXPN, a Legas a 2006, saƙon da ya tashi daga wani kamfani zuwa wani a gari ɗaya yakan je Turai ya dawo, a biya kuɗin hanya da dala. Daga baya matattarar ta buɗe rassa a Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano.

Ta biyu ita ce ajiye kwafi a kusa da jama'a. Kamfanin Akamai, wanda Tom Leighton da ɗalibinsa Danny Lewin suka kafa a 1998 daga jami'ar MIT, shi ya mayar da wannan sana'a. Yau Google da Meta da Netflix suna dasa nasu akwatunan ajiya a cikin netwok ɗin kamfanonin waya da matattarun musaya. Bidiyon wa'azi ko na barkwanci da mutum dubu ɗari suka kalla ba sau dubu ɗari ya tsallako teku ba. Ya tsallako sau ɗaya ko 'yan lokuta, sauran duk daga Legas ake ɗebo shi. Wannan ne ya warware abin da ya ɗaure wa mutane kai a ranar 14 ga Maris: wasu bidiyoyi suna buɗewa, manhajar banki kuma ta ƙi. Bidiyon yana da kwafi a gida. Ita kuwa manhajar, ko da bankin yana kan titin unguwarku, wani sashe na aikinta yana iya dogara da rumbun haya da ke Turai ko Afirka ta Kudu, kuma in zobe ɗaya ya ɓalle a sarƙar, tiransifa ta tsaya.

To me ya sa aka sha wuya duk da waɗannan dabaru?

Saboda BGP zaɓar hanya take yi, ba ta gina hanya. Kamfanoni da yawa sun yi zaton sun yi tanadi, tunda sun sayi gurbi a waya biyu ko uku. Ashe duk wayoyin ta kwazazzabo ɗaya suka ratsa a gaban Abidjan. A takarda hanya huɗu ce, a ƙasan teku hanya ɗaya. Sannan waɗanda suka tsira ba su da gurbin ɗaukar kowa nan take, sai an yi ciniki, an sa hannu, an saita na'urori.

Matsalar arewa ta ninka wannan. Kusan duk wayoyin teku na Najeriya a Legas suke sauka, sai 2Africa da ta ƙara da Akwa Ibom. Nijar ba ta da teku, ta ƙasashen maƙwabta irin su Benin da Burkina Faso da Najeriya take samun nata, Chadi kuma ta Kamaru da Sudan. Ma'ana mai shago a Maraɗi ko Zinder yana bayan layi biyu ne, na teku da na tudu. Kuma na tudun ne ya fi yawan katsewa. Katsewar teku takan zo jefi-jefi ta cika kanun labarai, amma katafilar masu aikin titi da ke tono faiba, da ɓarayin da ke yanke ta suna zaton tagulla ce, abu ne na kullum da ba ya shiga labarai. Yawancin "netwok ya ɗauke" da muke fama da shi daga nan yake, ko daga ƙarfen sabis da man janaretansa ya ƙare.

Inda ake ja-in-ja

Kamfanonin sadarwa suna cewa jihohi ne ke hana su shimfiɗa hanya ta biyu da ta uku, saboda kuɗin izinin haƙa ƙasa. An daɗe da amincewa a matakin ƙasa kan Naira 145 a kowace mita, wasu jihohin irin su Kaduna sun yafe shi gaba ɗaya a 2020, wasu kuma suka ci gaba da karɓar ninkin-ba-ninkin. Jihohin suna cewa kuɗin shiga ne, kuma kamfanoni suna farfasa tituna su tafi. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne, ta kuma sanar da shirin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000. Ina ganin jihar da ke tatsar kuɗin haƙa tana cin ribar yini ɗaya ne ta sayar da ta shekaru. Amma ba tsawon wayar ne abin dubawa ba, ta inda ta bi ne. Kilomita dubu da aka binne a gefen titin da tsohuwar waya ta bi, katafila ɗaya ce za ta tsinke su tare.

Muhawara ta biyu ita ce ta tilasta wa bankuna da hukumomi ajiye bayanansu a cikin gida. Masu goyon baya suna nuna 14 ga Maris a matsayin hujja, kuma hujja ce mai ƙarfi. Masu adawa suna maganar tsadar wuta da dizal a rumbunan gida. Akwai kuma wata fargabar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: duk abin da aka tattara a ƙofa ɗaya, rufe shi ya yi sauƙi. An toshe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 da umarni ɗaya ga kamfanonin waya. A Satumbar 2021 an kashe sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka faɗaɗa zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko ba ya yi, ya nuna cewa dabarar Baran ta jure bam ba ta jure takardar umarni.

Ta uku ita ce Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Yana tsallake katafila da ɓarayin waya, kuma ga asibiti ko makaranta a ƙauyen da faiba ba ta je ba, babu abin da ya kama ƙafarsa. Sai dai tauraron ma dole ya sauko da saƙon wata tasha a ƙasa ya miƙa wa faiba, kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma gurbin da yake da shi a kan gari ɗaya yana da iyaka.

Mai POS da mai shago fa?

Riƙe layi biyu dabara ce mai kyau, amma a san iyakarta. Kamfanonin waya da yawa suna haya ne a ƙarfe ɗaya, wani lokaci faibarsu ma a rami ɗaya take, don haka layi biyu na iya mutuwa tare. Wanda ya lura da layin da ya rayu a ranar da na farko ya mutu a unguwarsu, shi ne ya san na biyun da ya dace da shi, ba wanda ya bi talla ba. Lambobin banki da ake dannawa da alamar tauraro (*) ba ta intanet ɗin wayarka suke bi ba, shi ya sa sukan yi aiki lokacin da manhaja ta ƙi, muddin na'urorin bankin da na tsarin tura kuɗi tsakanin bankuna suna raye. In kuma tiransifa ta tsaya a tsakiya, sake turawa sau uku a jere ba ya gaggauta ta farkon. Abin da yakan jawo shi ne a cire kuɗin sau biyu, mutum ya koma jiran a maido masa. Ya fi a ajiye lambar cinikin, a duba ragowar kuɗin asusu, a jira alat daga ɓangaren mai karɓa kafin a miƙa kaya.